Ƙafar Mukhtar

Haɗeja, Jihar Jigawa,
11 ga Disamba.

Zuwa ga Yayana Badamasi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da babban wa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ummi da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa wa kasuwarka albarka a can Abijan, ya tsare ka da iyalinka. Mu ma nan mun gode Allah. Ruwa ya janye daga fadama tun farkon watan jiya, mutane sun koma gonaki, masu alkama sun fara shuka, masu barkono suna dashe. Shinkafar damina dai ambaliya ta cinye mafi yawanta, har da ta gonar marigayi Baba, amma kifi ya yi yawa bana, ko'ina ka bi a gari ƙamshin banda ne. Maigidana Inuwa yana lafiya. Mahaifiyarmu Hajja kuma gwiwoyin nan ne dai kamar kullum, sai rashin cin abinci da ya kama ta tun ƙarshen Satumba, wanda kai ma ka san dalilinsa.

Na zaɓi in rubuto maka da hannuna, in ba Tukur direba ya kawo maka, saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Sau uku ina fara maganar nan kana cewa layi ba kyau, ko mai saye ya shigo shago. A kiranka na ranar Juma'a ka ce in zaunar da Huseina matar Mukhtar, in fahimtar da ita cewa ciwon ƙafar mijinta wajen gudu ya samo shi, wai ƙarfe ko ƙaya ya taka a kan jingar da ke tare ruwa, don wanta Yakubu ya janye maganar kai ƙara wajen hukuma. Yaya, ba zan yi ba. Ko da ina so ma lokaci ya wuce, domin tun ranar da ta sauka na gaya mata komai, har da nawa laifin. Abin da ya rage shi ne kai ma in gaya maka, tunda kai labari kawai ka riƙa ji daga bakin Baffa Bunu, ni kuwa ina wurin.

Ka san ranar da Mukhtar ya dawo daga Kenya, farkon watan Yuni, ruwa ya fara sauka ke nan. Shekara goma sha ɗaya yana koyar da kimiyya a wannan makaranta ta Nakuru, kuma duk danginmu da shi ake tinƙaho. Da na gan shi a ƙofar gidan Hajja ban gane shi ba sai da ya yi magana. Wannan ƙaton tumbin da muke yi masa tsiya a kai babu shi, ya zama siriri, gemunsa ya yi furfura, amma fuskarsa tana sheƙi, yana tafiya kamar ƙasa ba ta riƙe shi. Washegari da hantsi muna zaune ina gyara wa Hajja zogale, ya gaya mana cewa ya ajiye aikin. Ya ce sun ba shi shugabancin makarantar, ya duba ya ga idan ya karɓa to safiyarsa ta tafi, shekarunsa ma sun tafi, ga Hajja ta tsufa, shi kuma ya gaji da ganin ta ta waya. Huseina da yaran za su biyo shi in sun gama jarrabawar ƙarshen shekara. Ya ce zai nemi wata ƙaramar makaranta a nan ya riƙa koyarwa da rana, ya gyara gonar Baba. Hajja ta yi ta sa masa albarka har da hawaye. Ni kuwa, in gaya maka gaskiya, raina bai so ba, domin na saba cewa ina da ƙane a ƙasar waje.

A wannan zaman ne ya ba mu labarin gudun. Ya ce shekara shida da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a gaban ɗalibai, likita ya auna ya ce ciwon suga ne, irin wanda ya kwantar da Baba. Wani malami abokin aikinsa ya fara jan sa yawo da sassafe, daga tafiya ya koma sassarfa, daga sassarfa ya koma gudu, har ya kai ga shiga gudun fanfalaki, wannan mai nisan kilomita arba'in da biyu. Ya yi shi sau bakwai. Ya nuna mana lambobin yabon a cikin wani ƙyalle, ya ce bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai ma taɓa zuwa na ɗari ba, amma likita ya rage masa magani har ya koma ƙwaya ɗaya a rana. Ya ce ya sa sunansa a na Legas da za a yi a Fabrairu, shi ne na farko da zai yi a ƙasarsa. Yana magana yana dariya kamar lokacin da yake ƙarami in ya kamo tarwaɗa a bayan gari. Kullum bayan sallar asuba sai ya sa kambas da gajeren wando da ya sauko ƙasan gwiwa, ya hau jinga, wani lokaci ya miƙe titin Kafin Hausa, ya dawo ƙarfe takwas ya yi wanka ya zo ya zauna wajen Hajja ya sha kununsa marar suga. Iyakar abin da ya yi ke nan, Yaya. Na sake dubawa a raina sau da yawa ko akwai wani abu da na manta, babu.

Mutanen gari ka san su. Da farko suna tambayarsa ko lafiya, wa ya biyo shi. Daga baya suka fara cewa ai ba ajiye aiki ya yi ba, korar sa aka yi saboda ya taɓu. Sai wannan mai shagon cajin waya na bakin tasha ya ɗauke shi a bidiyo yana wucewa cikin yayyafi, jikinsa sharkaf, ya rubuta a ƙasa cewa boko ya zautar da malamin Kenya. Cikin kwana biyu ya zagaye wayoyi har ya iso maka Abijan. Na san abokan kasuwarka sun yi maka dariya a masallaci, Ummi ta gaya mini. Ranar ka aiko da saƙon murya a zauren danginmu na waya, minti shida. Ka ce mutum mai hankali ba ya barin aiki irin wannan, dattijo mai furfura ba ya tsere da iska a titi, ka ce wannan ba shi ba ne, shafar aljanu ce ya kwaso a ƙasar mutane, kuma kai ba za ka zauna a zubar da sunan mahaifinmu Malam Umara a ƙasa kana raye ba. Mukhtar ya kira ka don ya yi maka bayani, ka kashe. Ya sake kira, ka ce da mahaukaci ba a muhawara. Daga nan ka koma kan Baffa Bunu, wanda dama tun rabon gonar Baba yake jin haushin Mukhtar, kuka shirya abin da kuka shirya.

Yanzu ga nawa. Ni ce na yaudare shi. Ka kira ni ka ce kwana arba'in ne kacal a wajen wani malami a ƙauyen nan na hanyar Guri, rubutu da addu'a, ya dawo daidai. Ka ce ba zai bi Baffa ba amma zai bi ni. Na yarda, ba don ka tilasta mini ba. Na yarda ne saboda ni ma na gaji da yadda mata ke yin shiru in na shiga gidan biki. Na ce masa gwaggonmu ta ƙauye ba ta da lafiya, ya raka ni dubiya. Bai yi musu ba. Har lemo ya saya mata a tasha, shi ya riƙe mini jaka a mota, yana nuna mini tsuntsayen da ke sauka a fadama yana gaya mini daga ƙasashen da suke zuwa. Da muka shiga zauren gidan ya ga Baffa Bunu a zaune da wasu ƙarti huɗu, sai ya juyo ya dube ni. Bai yi kokawa sosai ba. Ya ce su bari ya yi magana, ya gaya musu sunansa da aikinsa, ya ce yana da ciwon suga, maganinsa da abin gwajinsa suna gida. Malamin ya girgiza kai ya ce da Baffa ai haka suke yi, in an kama su sai su ƙirƙiro ciwo. Aka danne shi aka sa masa marin ƙarfe a ƙafafu, ina tsaye da ledar lemo a hannuna. Da zan fita ya kira ni, muryarsa a kwance, ya ce: "Yaya Asabe, ki aiko mini da ƙwayoyina, suna cikin aljihun jakar baƙa." Na aika da su washegari ta hannun Baffa. Daga baya na ji malamin ya zuba su a masai, ya ce maganin nasara yana hana rubutu aiki.

Muka ce da Hajja ya tafi Kano neman takardun aiki. Kai kuma ka kira Huseina ka ce mata mijinta ya ɗan samu matsalar ƙwaƙwalwa, yana hannun manya, ta kwantar da hankalinta ta kula da jarrabawar yara. Kullum sai ta kira ni tana kuka, ba ta cewa komai sai suga, suga, a kula da abin da yake ci, a duba ƙafafunsa. Na isar maka, ka ce ai Baba ya yi shekara ashirin da suga yana shan fura, mata dai ba su da aiki sai kuka. Mako biyu da kai shi ruwa ya ɓalle. Ka ga hotunan, amma hoto ba ya nuna abin. Titin ya yanke a wuri uku, mutanen gari suna kan jinga dare da rana suna jera buhunan yashi, kowa ta kansa yake yi. Ni kuma na samu dalilin da zan fake da shi. In Huseina ta kira sai in ce hanya ta yanke, alhali kwalekwale yana zuwa ƙauyen kullum.

Sai da ya kwana talatin da ɗaya a can sannan na je. Awa biyu muna ratsa ciyawar kachala a kwalekwale, muna wuce gonakin shinkafa da ba a ganin komai sai kan ganye. Ruwa ya shiga rabin ƙauyen, har da gidan malamin. Ɗakin da suke ciki, su tara ne, ƙasa ta jiƙe ta zama taɓo, an shimfiɗa musu buhuna. Tun daga ƙofa wari ya tare ni. Mukhtar yana jingine da bango, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, leɓɓansa sun bushe, yana ta neman ruwa. Abincinsu kunu ne da suga da safe, tuwo da yamma, sai rubutu da ake dama musu da zuma. Ɗaya daga cikin masu tsaron yana dariya ya gaya mini cewa aljanin nan mai taurin kai ne, domin har kwana ashirin na farko, da an idar da asuba sai ya miƙe da marin a ƙafa ya riƙa tattaka ƙasa a wuri guda, yana ɗaga gwiwa iya inda sarƙar ta bari, har tsawon awa ɗaya. Sun yi masa bulala a kan haka sau da yawa bai daina ba. Mukhtar ya ce mini ba taurin kai ba ne, ita ce kaɗai hanyar da ta rage masa ta ƙona sugan da ake ɗura masa. To wannan tattakawar ce ta sa ƙarfen ya ci idon sawunsa na hagu. Na ɗaga tsumman da aka ɗaure wurin da shi. Yaya, naman ya buɗe, gefensa ya yi baƙi, yatsunsa biyu sun canja launi, ƙudaje suna bi. Ya ce ba ya ma jin zafi, kuma wannan shi ne abin da ke ba shi tsoro. Ya bayyana mini abin da ke faruwa a cikin ƙafar dalla-dalla kamar yana gaban allo, ya ce in aka kai shi asibiti a makon nan wataƙila yatsu kawai za a cire. Bai zage ni ba, bai tambaye ni don me ba. Ya ce in taimake shi.

Na fito na hau kan wani tudu inda ake samun layi na kira ka. Ka tuna abin da ka ce? Ni na tuna, har da ƙarar injin niƙa da nake ji a bayanka. Ka ce saura kwana tara, in aka katse magani a tsakiya abin dawowa yake ya fi na da, kuma ciwon ƙafa ai ba ya kisa, a sa masa toka da man shanu. Ka ce in na fitar da shi to in san na saɓa wa babban wa, kada in ƙara kiran lambarka. Na tsaya a kan tudun nan na daɗe. Mai kwalekwale yana kira na yana cewa rana tana yi. Ban koma ɗakin ba, Yaya. Ban iya na koma na gaya masa ba. Na ba mai tsaron sabulu da ɗan ƙyalle mai tsabta na ce ya miƙa masa, na shiga kwalekwale na dawo gida na dafa wa Inuwa tuwo.

Barira mai kifi ce ta tona mu, kwana shida bayan haka. Ita ma ƙauyen take zuwa saro kifi, ta hango shi an fito da su shan iska. Ta zo gidan Hajja da tallanta, cikin rashin sani ta yi mata jaje, ta ce Allah ya ba Malam Mukhtar lafiya, ta ga ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ina tsakar gida a lokacin. Hajja ba ta yi ihu ba. Ta dube ni, ta ce in ɗauko mata mayafi da sandarta. Tsohuwar da ba ta iya zuwa bakin ƙofa sai an riƙe ta, ita ce ta hau bayan babur har bakin ruwa, aka ɗauke ta aka sa a kwalekwale, ta zauna a kan katako awa biyu. Da muka isa malamin ya fara cewa saura kwana uku, ta wuce shi kamar ba ta ga mutum ba. Ta zauna a cikin taɓon nan ta ɗora kan Mukhtar a cinyarta, jikinsa kamar wuta, bai ma gane ta ba, yana ta magana da wani yare, ina jin na can Kenya ne. Aka nemi makullin marin aka rasa, ƙafar kuma ta kumbura ta haɗiye ƙarfen, sai da aka kira maƙerin ƙauyen ya yanke shi da zarto. Abin da ya fito daga wurin lokacin da ƙarfen ya saki ba zan rubuta shi ba.

A asibiti likitan ya buɗe ƙafar ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya wane ne ya yi wannan. Baffa Bunu, wanda ya biyo mu, dama tun a bakin ruwa ya zame, har yau bai taka gidan Hajja ba. Suka tura mu Kano a ranar. Sun yi kwana huɗu suna ƙoƙari, a na biyar suka ce in ba a yanke ba zai tafi gaba ɗaya. Lokacin ya farfaɗo, shi ya sa hannu a takardar da kansa, ya tambayi likitan daga ina za a yanke, aka nuna masa, ƙasan gwiwa da kamar tafin hannu. Ya gyaɗa kai. Likitan ya gaya mini a waje cewa zuciyarsa ce ta cece shi, ya ce bai taɓa ganin mai shekara arba'in da bakwai da zuciya mai ƙarfi haka ba, da wani ne da tuni an binne shi a ƙauyen. Ya kuma ce da an kawo shi mako guda kafin haka da ƙafar tana nan. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa. Na ƙirga kwanakin a tsaye a wurin, sun yi daidai da ranar da nake kan tudu ina waya da kai.

Huseina ta iso kwana biyu bayan aikin, ta bar yaran a hannun maƙwabta. A barandar asibitin na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce in matsa daga bakin ƙofar, iska ba ta shiga. Tun daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba sai sallama. Yanzu suna gidan Hajja, a ɗakin Baba na da, yaran ma sun iso makon jiya. Ƙaramar ta ƙi shiga ɗakin kwana biyu, tana leƙe daga labule. Dungulmin yana warkewa a hankali saboda sugan ya hau ya ƙi sauka, yanzu allura ake yi masa safe da yamma. Yana koyon tafiya da sanduna daga ɗaki zuwa zaure. Har yanzu yana farkawa a lokacinsa, in aka idar da asuba sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, ya zauna yana kallon hanyar jinga har rana ta fito. Abokansa na Kenya sukan kira su tambaye shi yaya shirin Legas, ya ce musu yana nan yana hutawa. Mutanen da suka riƙa tura bidiyon nan su ne yanzu ke zuwa dubiya da lemo da ayaba, suna cewa ai dama su ba su taɓa ganin alamar hauka a tare da shi ba. Mai shagon cajin ma ya zo, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo.

Ni kuwa kullum ina zuwa in yi wanki, in kwashe abin da ake kwashewa, ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana ni. Mukhtar yana amsa gaisuwata, yana yi mini godiya a kan kowane abu, ko ruwa na miƙa masa sai ya ce an gode. Sai dai ya daina kira na Yaya Asabe, yanzu Hajiya yake ce mini, kamar yadda yake ce wa matan unguwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na taɓa durƙusawa na fara neman gafara, ya ce in tashi ƙasa da sanyi, ya tambaye ni ko an fara girbin barkono. Hajja kuma ta raba kwanona da nata, abin da ba ta taɓa yi ba tun ina yarinya. Ina gaya maka wannan ne don kada ka ɗauka na rubuto ne in wanke kaina in shafa maka. Mu biyu ne. Bambancin kawai ni ina ganin wurin kullum in ana canja bandeji, kai kuwa ka ce kada a turo maka hoto saboda hawan jininka.

Maganar Yakubu kuma, ya riga ya kai ƙarar. An je ƙauyen an kwashe sauran mutum takwas ɗin, an rufe gidan, malamin yana hannu. An kira ni na ba da bayani ranar Talata, na faɗi abin da na rubuta maka a nan, ban ƙara ba ban rage ba. Sun nemi saƙon muryarka, na ba su, haka ma saƙonnin da ka turo mini daga baya. Ka ce a waya wai ƙaddara ce, kuma kai alheri ka nufa. Na yarda da ƙaddara, Yaya. Amma ni na ji muryarka ranar, ba ta mai neman alheri ba ce, ta mutumin da aka yi wa dariya a masallaci ce. Ummi ta ce kuna shirin zuwa gida da azumi. Gida naka ne, ba mai hana ka. Sai dai ka sani ɗakin baƙi yana kallon ɗakin Baba, kuma da asuba ana jin ƙarar sandunan a kan siminti.

Ka gaishe mini da Ummi da kyau, da Saudatu da Abdulfattah da Halimatus Sa'adiya, Allah ya yi musu albarka, ya sa su ji tausayin juna. Inuwa yana gaishe ka. Da zan rufe takardar na je na gaya wa Hajja cewa Tukur zai tashi gobe, ko tana da saƙo. Ta ce a gaida Ummi da yara. Na tsaya ko za ta ƙara wani abu, ta ci gaba da jan carbinta. Na leƙa wajen Mukhtar shi ma na tambaye shi. Sai da na juya zan fita, sannan ya ce: "Ki gaishe shi. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, na daina gudun."

Wassalam.

Ƙanwarka,
Asabe Umara